Kada Ku Raina Ilimin Sanin Mutane

'Yan uwana matasan Maradi, musamman ku da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina so in ja hankalinku ga wani fanni da yawancinmu muke yi wa kallon hadarin kaji, wato antoropoloji. Reshe ne na kimiyyar zamantakewa da ke nazarin yadda mutane suke zama tare, tun daga aure da rabon gado har zuwa ciniki, sarauta da abin da suka yi imani da shi. Mai wannan bincike ba ya wadatuwa da raba takardar tambayoyi, sai ya zauna cikin jama'a wata da watanni, ya ji harshensu, ya ci tuwonsu, ya rubuta abin da suka ce suna yi tare da abin da ya ga suna yi, domin sau da yawa biyun kan sha bamban. Masani Bronislaw Malinowski ne ya yi fice da wannan hanya a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918.

Ku dubi biki a gidan suna. Mace ta kawo jika biyu, wata tana gefe da littafi tana rubuta sunanta da abin da ta kawo, kuma kowa ya san cewa ranar da hidima ta zo gidanta za a mayar mata da ƙari, sau da yawa ninki. Saurayi mai gaggawa zai ce almubazzaranci ne kawai. Mai nazari kuwa zai tambaya wa ke bin wa, me ke faruwa da wadda ta kasa ramawa, kuma ina matar da ba ta da asusun banki take ajiye dukiyarta in ba a hannun ƙawayenta ba. Bafaranshe Guy Nicolas ya daɗe yana nazarin wannan musayar kyauta a ƙasar Maradi, Emmanuel Grégoire kuma ya yi rubutu kan alhazan garin nan a 1986. Abin da ke damuna shi ne baƙo ya tsallako teku ya fahimci bikin iyayenmu mata, mu kuma muna wuce shi da tsaki.

Masu cewa fannin ya taɓa yi wa mulkin mallaka hidima ba su yi ƙarya ba, amma wannan dalili ne na mu karɓe shi. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna cewa 'yan ƙasa na iya bincikar asibitocinmu da ofisoshinmu da wannan hanya. Haka nan kada wani ya ruɗe ku cewa nazarin abu amincewa da shi ne, domin wanda ya binciki matsayin Iya a fadar Maradi ko Inna a Tibiri, wato sarautun mata masu jagorancin 'yan bori, bai zama ɗan bori ba, kuma mai son gyara al'ada ba zai iya ba sai ya san tushenta.

Ku fara daga gida, cikin ladabi da neman izini. Waɗanda suka ga ambaliyar 1945, wadda ta sa garin Maradi ya tashi daga gulbi ya hau tudu, duk sun haura shekara 80. Ku durƙusa gabansu ku ce, "Baba, yaya aka raba filaye a sabon gari?", ku bar su su kai aya ba tare da kun katse su ba, sannan ku je ku ji ta bakin tsofaffin mata, domin labarinsu ba lallai ya zo daidai da na maza ba.