Yadda Na Kusa Yi Wa Mai Rai Zaman Makoki

Ni dai laifina ɗaya, na saka hoto a guruf ɗin gida. Wanda aka ɗauke mu ran ɗaurin auren nan na Zariya, inda iska ta shiga babbar rigata ta kumbura ta kamar lema, hular kuma ta zame ta rufe min ido ɗaya. Ban ma lura ba. Wajen sha ɗaya da rabi na dare sai ga amsa daga 'yar wajen Yaya, ta Mancesta: "Kawu I'm literally dying." Ta jera ƙoƙon kan gawa guda uku a ƙarshe.

Kada wani ya ce ba na jin Turanci. Shekara sha huɗu ina koyar da shi a sakandare. Na san Bature kan ce "I'm starving" alhali da safe ya karya, kamar yadda mu ma muke cewa yunwa za ta kashe ni. Na san "ages" minti ashirin ne a layin banki, "a million times" kuma da ƙyar ya kai sau uku. Da "dying" kaɗai ta rubuta, da na gyara kwanciya. Amma "literally" fa? Ni da bakina nake gaya wa yara ma'anarta "a zahiri", babu ƙari babu ragi, ita ake sawa don a ce wannan karon ba zuzutawa ba ce. Ga kuma ƙoƙon kai har uku.

Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na kira Yaya, a kashe, tana aikin dare. Har 999 na danna daga Kano, da yake na san ita ce lambar gaggawarsu a can. Da dabara ta ƙare sai na tashi Hajiya. Da asuba na sanar da liman, aka yi addu'a, sahu uku suna amin. Na ba da naira dubu biyar aka sayo koko da ƙosai na sadaka. Kafin bakwai Gwaggo ta iso da carbinta da ƙullin kayanta, kun san ma'anar ƙullin nan, zaman kwana uku ne.

Takwas saura waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Duk muna falon Hajiya. Na ɗauka hannuna na rawa, kowa ya leƙo ta kafaɗata. Sai ga ta da rigar barci, da kwano a hannu, tana tauna.

"Kawu, lafiya? Kira ashirin da bakwai?"

Na ce, "Ke, wane asibiti kike?"

"Asibiti?"

Na karanta mata saƙonta, da ƙarfi, da irin muryar da nake karanta wa 'yan aji uku darasi. Ta ajiye cokali. Ta dube ni, ta dubi Gwaggo da ke share hawaye da bakin gyale, ta sake dubana. Shirun nan bai fi daƙiƙa biyar ba, amma har yanzu ina jin sa a kunnena. Sannan ta fashe. Wayar ta faɗi, ba abin da muke gani sai silin ɗin ɗakinta, ba abin da muke ji sai ihu. Da ta ɗago hawaye shaɓe-shaɓe ta ce, "Kawu, hoton ne! Hular! You killed me!"

Gwaggo ta ce, "Me ta ce?"

Auta, da tun asuba bai ce uffan ba, ya buɗe baki: "Cewa ta yi shi ya kashe ta."

Gwaggo ta saki salati. Ni kuwa na shiga bayanin cewa a Turanci idan an ce ka kashe mutum to dariya ka ba shi, idan kuma an ce "you killed it" to ka yi bajinta, ina yi ina jin yadda maganar ke ƙara nutsar da ni. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni daga hula har silifas, ta ce, "Malamin Turanci." Ta miƙe ta shige ɗaki.

To, Auta. Ashe yaron nan ya ga saƙon tun dare. Har fuskar dariya ya saka a ƙasa, ni ban kula ba. Ya ji ina buga ƙofar Hajiya, ya ja bargo. Ya bi ni masallaci, ya ɗaga hannu ya ce amin. Ƙosan sadakar nan da idona na ga ya ci bakwai. Da na tsare shi sai cewa ya yi, "Ni a wa zan gyara wa Yaya Turanci?" Wannan shi ne wanda na biya wa kuɗin jarrabawa sau biyu, kuma har yau bai dawo min da cajata ba.

Shi ne kuma da rana ya zo yana nuna min a waya, yana murmushi, cewa ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'anar tun 2011: ana sa "literally" don ƙarfafa magana ko da ba a zahiri abin ya faru ba. Na Merriam-Webster na Amurka kuwa tun 1909 tana ciki. Wato tun kafin a haifi kakana kalmar ke fuska biyu, ni ina nan ina cire wa 'ya'yan mutane maki a kanta. Da na bincika da kaina ma sai na tarar "starve" asalinta mutuwa take nufi, "terrific" kuma daga firgici ta fito. Mutanen nan sun daɗe suna mutuwa a baki.

Na ce ai mu ba ma haka. Auta ya ce, "Wallahi fa? Jiya ka ce wallahi ka kira Yaya sau dubu." Na ce wannan daban, aƙalla tamu rantsuwar idan ka karya ta akwai kaffara, ciyar da miskinai goma. Ya ce to ai na riga na biya da ƙosai.

Gwaggo dai ta yi kwana ukunta, tunda ta riga ta zo. Hoton ya zama sitika a guruf, an yanke ni daga wuya zuwa sama. Liman kuma ban samu bakin gaya masa ba. Jiya bayan Magariba ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ya jikin yarinyar?" Na ce da sauƙi.