Ranar da Na Jira Magariba a Durness

A gidanmu ba a cin tuwon dare sai an idar da sallar magariba. Ba wanda ya rubuta dokar, amma yaron da ya kai hannu kwano kafin liman ya yi sallama zai gane kurensa. Wannan tarbiyyar ce ta kwanar da ni da yunwa a can ƙuryar arewacin Sikotland.

Ofis ne ya tura ni kwas Aberdeen a ƙarshen watan Yuni. Litinin za a fara, ni kuwa na sauka Asabar, sai na ce bari in fara zuwa ƙauyen Durness in ga inda ƙasar Birtaniya ta ƙare. Na yi hayar ƙaramar mota a Inverness, na wuce Lairg, daga nan kwalta ta tsuke ta zama ta mota ɗaya. In kun yi kiciɓis da wani, ɗayanku zai raɓe a ɗan faɗin da aka bari a gefe, ɗayan ya wuce, ku ɗaga wa juna hannu. Ni da na koyi tuƙi a tsakiyar 'yan adaidaita sahu, sai da na yi da gaske kafin hannuna ya rabu da hon. Tumaki kuwa kwance suke a tsakiyar titi, ko gezau. A farkon ƙarni na 19 masu filaye suka kori dubban manoma daga kwaruruwan wannan yanki na Sutherland don a zuba tumaki, kuma da alama tumakin sun san da zancen, domin kallon ɗan haya suke yi wa mutum.

Otal ɗin farin gida ne shi kaɗai kusa da Durness, dutse a baya, teku a gaba, babu itacen da akuya za ta fake. Wata dattijuwa ta miƙo mini makulli, ta yi bayani mai tsawo da irin Turancinsu, abin da na tsinta kawai "abinci" da "takwas da rabi". Na gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta.

Na yi la'asar, gajiyar jirgi ta kayar da ni. Da na farka waya ta mutu, cajar kuma tana babbar jaka da na bari a but ɗin mota. Agogon hannuna ya ce takwas saura kwata. Na leƙa taga, rana tangaran, irin ta ƙarfe biyar a Kano. Sai na yi wa agogon dariya. Ai lokacin Najeriya yake nunawa, ina ruwansa da ƙasar Turawa. Abin da ban sani ba, a wannan watan agogon Birtaniya da na Najeriya ɗaya ne, ko minti bai raba su ba.

Ƙamshin soyayyen kifi ya riƙa hawowa daga ƙasa, ana ta ƙarar cokula. Na ce Allah sarki, Turawa da cin abinci da la'asar sakaliya kamar yaran goye. Na yi wanka, na sa shadda, na zauna bakin taga ina jiran rana. Ita kuwa sai ta riƙa zamewa a kaikaice kamar mai bashi ya hango mai kuɗi. Sai da agogon ya kusa goma da rabi sannan ta nutse a teku. Na yi magariba, na sauko da ƙwarin gwiwa. An kifa kujeru, an kulle kicin, gidan tsit. Agogon bango da nawa suka haɗa baki.

Na ce ai ba a rasa mai shayi ko kanti a gari, na fita. Garin bai kai mutum 500 ba, kuma duk sun kwanta. Iska ta tsaya cak. A nan ne na gamu da masu garin na ainihi, wasu ƙwari da suke kira mij, ba su kai kan allura ba. Sauro mutumin kirki ne, yana yin sallama a kunne kafin ya ci. Waɗannan ba sa magana, kuma a dubbai suke zuwa, cikin hanci, cikin ido, ƙarƙashin hula. Da rana na ga wani mutum da ragar sauro a kansa har na yi masa dariya a zuci. Na juyo a guje ina marin kaina da hannu bibbiyu, wata tunkiya a bakin ƙofa tana tuƙa tana kallona.

Allah ya yi wa uwargida albarka. Da ta tura mini ƙullin garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli cikin jakar hannu, cewa na yi, "Haba, Ingila fa zan je, ba makarantar kwana ba." Na zuba garin a kofin shayi, na buɗe famfo, sai ga ruwa ja-ja kamar an tsame ganyen shayi. Na tsaya. Na tuna na sha na rafi a ƙauye ban mutu ba, na yi bisimilla na jiƙa.

Isha kuma wani sabon rikici ne, domin jan sararin ya ƙi ɓacewa. Na jira har bayan sha biyun dare, na gaji na yi sallata. Ban daɗe da runtsawa ba, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, sai ga ranar nan ta dawo kamar ta manta wani abu.

Da safe na sauko fuska duk ƙuraje. Dattijuwar ta ce launin ruwan daga wata baƙar ƙasa yake, ruɓaɓɓen ciyayi na dubban shekaru da suke yankawa su shanya su hura wuta. Sannan ta tambaye ni ko lafiya ban taɓa farantin da ta ajiye mini ba. Wai ta ƙwanƙwasa sau biyu ina barci, sai ta rufe kifi da dankali ta bari a kan teburin da ke bakin ƙofar ɗakina. Sau huɗu na wuce teburin nan. Na ɗauka na wani ne.