Siyasar Abuja da mabuɗin filin jirgi: wa ke biyan kuɗin rigimar?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jiran fasinja na filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kusa da Birnin Kebbi, ya san cewa jirgin da ake jira shi ke riƙe da harkar yinin gaba ɗaya. Direbobin tasi suna jingine da motocinsu a waje, mai tura kaya yana leƙen sama, ɗan kasuwa yana ta duba agogo. Da zarar an ce jirgin ba zai zo ba, ba kasafai ake samun na biyu da za a koma wa ba. Sai dai mutum ya nufi Sakkwato ya gwada sa'a, ko ya kama hanyar Jega, Koko da Yawuri zuwa Kontagora, hanyar da ba kowa ke son dare ya yi masa a kanta ba. Saboda haka rigimar da ake yi tsakanin gwamnatin tarayya da ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama ta shafe mu kai tsaye, ko da kuwa a ƙofar filin jirgin Legas ake ɗaga kwalayen.

Abin da ya bambanta waɗannan ƙungiyoyi da sauran 'yan ƙwadago shi ne, gwamnati ce uwa kuma uba a sana'arsu. Mai ba jirgi izinin sauka ma'aikacin hukumar NAMA ne, mai ba matuƙi rahoton yanayi na NiMet ne, mai kula da filayen gwamnatin tarayya na FAAN ne, mai sa ido kan kamfanoni kuma na NCAA ne, kuma dukkansu suna ƙarƙashin minista guda wanda siyasa ta kawo, siyasa kuma za ta ɗauke. Don haka ƙungiyoyi irin su NUATE da ATSSSAN da NAAPE suna cinikin albashi ne da wanda ke da hannu a rubuta dokar cinikin, kuma kowane sabon minista yana zuwa da nasa tsarin.

Tarihin kamfanin jiragen sama na ƙasa ya isa misali. An rushe Nigeria Airways a 2003, zamanin Obasanjo, aka bar dubban ma'aikata suna jiran haƙƙoƙinsu, har sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince a saki kimanin naira biliyan 22, wato rabin abin da suke bi, ana saura 'yan watanni a shiga zaɓe. Da yawa daga cikinsu ba su ga wannan rana ba. A 2018 ɗin ne kuma ministan sufurin jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ya ƙaddamar da tambarin sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air, a Ingila, aka kawo jirgi ɗaya Abuja aka nuna a ƙarshen watan Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin a miƙa mulki, sannan sabon minista Festus Keyamo ya zo ya dakatar da shirin. Matashin da ya yi karatun tuƙi ko gyaran jirgi a Zariya yana sa ran aiki a kamfanin, shi aka bari da takarda a hannu.

Inda siyasa ta fi nuna haƙoranta shi ne wajen doka. Dokar zirga-zirgar jiragen sama ta 2022 ta zo da sashen da ya sanya aikin jiragen sama cikin ayyukan da ba a yarda a tsayar da su ba, ƙungiyoyin suka fita zanga-zanga suna cewa an shigar da shi ne don a toshe musu baki. Amma dokar ba ta hana komai ba: a watan Afrilun 2023 sun yi yajin aikin gargaɗi na kwana biyu kan sharuɗɗan aiki da suka daɗe ba a amince da su ba, da kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi na 2019 da ma'aikatan NiMet ba su gani ba. A Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet ɗin suka sake ajiye aiki, har kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa domin ba a tashi babu rahoton yanayi. A ganina, gwamnatin da ta shafe shekaru tana riƙe da haƙƙin ma'aikaci ba ta da bakin ce masa aikinsa ya fi ƙarfin yaji. Idan aikin yana da muhimmanci har haka, a albashi ya kamata a fara ganin muhimmancin.

Sai batun zaftare rabin kuɗin shigar hukumomin nan ana zubawa a asusun tarayya, wanda ƙungiyoyin suka tayar da jijiyar wuya a kansa a 2024. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari, kuma dalilina na gida ne. Filayen Legas da Abuja ne ke kawo mafi yawan kuɗin da ake rarrabawa a gyara na'urori da biyan ma'aikata a ƙananan filaye. Idan aljihun ya yi ƙunci, ba a Legas za a fara jin jiki ba. A wurare irin namu ne za a ce a jira kasafin baɗi. Haka nan shirin jinginar da manyan filaye huɗu na Legas, Abuja, Kano da Fatakwal ga 'yan kasuwa, wanda ƙungiyoyin suka daɗe suna adawa da shi: in an sayar da saniyar tatsa, da me za a ciyar da maruƙan? Zamfara ma, da ta zuba kuɗi a filin jirgin Gusau, wannan tambaya tana jiran ta.

To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, su ma ƙungiyoyin suna da nasu laifin. A watan Nuwamban 2023, bayan dukan da aka yi wa shugaban uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa (NLC) Joe Ajaero a Owerri, ƙungiyoyin jiragen sama suka janye hidima ga jiragen da ke zuwa jihar Imo, ana saura kwanaki a yi zaɓen gwamna. Dukan abin Allah wadai ne, babu mai hankalin da zai kare shi. Sai dai fasinjan da aka hana tafiya ba shi ya ɗaga sanda ba, kuma rikicin ba na albashin mai tura kaya ko lafiyar jirgi ba ne. Uwar ƙungiya ta gane cewa rufe filin jirgi ya fi rufe ma'aikatu goma saurin isa kunnen manya, kamar yadda aka gani ranar 3 ga Yunin 2024 a yajin aikin mafi ƙarancin albashi, shi ya sa take yawan aron wannan mabuɗi. Makamin da ake zarowa a kowace rigima yana dakushewa, kuma shi ke ba 'yan majalisa hujjar rubuta irin sashen can na 2022.

Mu a Kebbi ba baƙin wannan cuɗanya ba ne. Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne kuma tsohon mataimakin shugaban NLC, ya ci zaɓe a APC a shekarar da uwar ƙungiyar ta karkata ga jam'iyyar Labour. Ba aibu ba ne ɗan ƙwadago ya shiga siyasa, amma ƙungiya ta jingina da ɗan takara wani abu ne daban. Ƙungiyar masu ba jirage hanya ta Amurka ta mara wa Ronald Reagan baya a zaɓen 1980, a watan Agustan 1981 kuma shi ne ya kori fiye da 11,000 daga cikinsu da suka shiga yajin aiki.

Abin da nake so in gani ba mai wuya ba ne. A cire ikon warware rikicin ma'aikatan jiragen sama daga teburin minista, a bar shi ga kotun ma'aikata da masu sulhu, tare da wa'adin da gwamnati ba za ta iya tsallakewa ba wajen aiwatar da duk yarjejeniyar da ta sa wa hannu. Su kuma ƙungiyoyin su rubuta wa kansu ƙa'idar cewa jigilar alhazai da ta marasa lafiya ba ta shiga yaji. Daga Ambursa jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a watan Mayun 2024, kuma sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu, waɗanda ke hawa jirgin nan kusan kowane mako, su ne suka fi cancanta su kai wannan gyara zauren majalisa.