Fankar da ba ta tashi sai an lulluɓe sola

A Gadarif ta gabashin Sudan, da watan Afrilu ya kama zafi kan haura digiri 40, kuma a unguwarmu ta bayan gari wutar gwamnati sai dai mu ji labarinta a bakin masu dawowa daga kasuwa. Shi ya sa da na sayar da riɗina na ware kuɗi na sayi faifan sola mai wat 150, da batir irin mai ruwa mai amfiya 100, da fanka mai aiki da bolt 12, da ƙwan fitila uku. Sai wani ɗan akwati shuɗi mai gilashi da maɓallai uku, wai kwantirola, shi ke tsakanin faifai da batir. Yaron shago ya zo ya ɗaura faifan a kan rakuba, wato rumfar tsakar gida, ya haɗa wayoyi, fanka ta kama juyawa. Da zai tafi ya ce, "Baba, maɓallan nan a bar su yadda suke." Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin kuwa, kafin magariba uwargida ta hura gawayin dafa jabana, wato gahawa, da ita.

Ni fa ba baƙon batir ba ne. Na tuƙa tarakta a manyan gonakin dawa na kudancin gari, na san ƙaramar mota bolt 12 take ci, babbar mota 24. Don haka ranar da na tsaya ina latsa maɓallin farko don kallo kawai, lambobi suna wucewa, 13.7, 12.6, 10.7, sai idona ya faɗa kan 24H. Gabana ya faɗi. Batirina na 12 ne, ga shi rubuce a jikinsa ɓaro-ɓaro, yaron nan ya bar mini na'ura a kan 24! H ɗin kuwa na ɗauka tambarin kamfani ne. Na danne maɓalli har lambar ta fara ƙyaftawa, na sauko da ita 12, na sake dannewa ta zauna. Fanka ta yi wani juyi biyu na bankwana ta tsaya. Na ce to, tana sabawa da sabon tsari ne.

A makon ne surukata ta iso daga Mai Wurno. Hajiya mace ce da kakanninta suke cikin waɗanda suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma takan tuna wa mutum hakan duk sa'ad da aka yi mata musu, ko da a kan gishirin miya ne. Dama ita na yi wa burgar fankar. Aka shimfiɗa mata a kan angarib, gadonmu na igiya, aka juyo mata da fanka saitin fuska, rana tsaka, na kunna. Shiru. Na kashe na kunna. Shiru. Hajiya ta ɗaga maficinta na kaba ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Ana kiran sallar magariba, ba wanda ya taɓa komai, sai ga fitilu uku sun kama tare, fanka ta ɗauka da ƙarfinta har ta kwashe mayafin Hajiya daga kanta. Ta yi salati da ƙarfi.

"Wa ya kunna?"

Ba kowa. Da gari ya waye komai ya mutu. Magariba ta sake yi, ya sake tashi. Hajiya ta kira ni, na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamata. Ta ce, "Malam, abin da ke kwana da rana ya tashi da almuru, ka san ko mene ne. A ina ka sayo shi?" Ina da amsa, amma ba a ja da suruka. Aka sayo habbatus sauda da turaren wuta, aka turara kwantirola har gilashinsa ya yi dishi-dishi. Ta sa aka hana yara wucewa ta gabansa ba bisimilla.

Gaskiyar magana, uwargida ce ta gano maganin, kuma ba da niyya ba. Ta wanke bargon Hajiya, igiyar shanya ta cika, sai ta sa babban yaronmu ya hau ya baza shi a kan rakuba, ya rufe faifan ruf. Ba a jima ba, ana tsakar azahar, fanka ta tashi. Muka dubi juna. Na ce a janye bargon. Aka janye, can ta mutu. A mayar. Aka mayar, ta tashi. Na sa yaron ya yi ta hawa yana sauka har ya fara ƙunƙuni, kuma ko sau ɗaya abin bai saɓa ba.

Hajiya ta ce magana ta fito: na cikin ba ya son rana, kuma bargonta ya sha karatu, shi ya sa ya ladabtu. Ni kuma na fito da bayanin ilimi, na ce faifan ne zafin Gadarif ya yi masa yawa, yana son inuwa kamar kowa. Muka haɗu a kan aiki ɗaya ko da yake dalilanmu sun bambanta. Kullum da hantsi a hau a lulluɓe sola, la'asar sakaliya a sauke bargo. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. Na yi wa mutum biyu bayani a masallaci, ɗaya har da gyaɗa kai.

Daɗin bai daɗe ba. Fanka ta fara mutuwa bayan isha'i, sannan tun kafin a gama cin tuwon asida, ga wani hoton batir fanko yana ƙyaftawa a gilashi. Na lura duk lokacin da lambar ta sauka 10.7 ne komai ke ɗaukewa. To ai da sauƙi. Na nemo 10.7 ɗin na mayar da ita 10. Ita kuma 13.7, na ga kamar rowa ce, na ɗaga ta zuwa 15 don batir ya ƙoshi sosai.

'Yar yayata ce ta katse mini hanzari. Tana karatun injiniyan lantarki a Khartum yaƙin Afrilun 2023 ya taso su, suka zauna Wad Madani, daga can ma suka sake gudowa Gadarif a ƙarshen shekarar. Ta kawo wa Hajiya gaisuwa, ta ɗaga kai ta ga bargo mai zanen damisa shimfiɗe a kan faifai.

"Kawu, me ke saman rakubar can?"

Na fara bayanin inuwa. Ta sa gefen tobinta, wato lulluɓinta, ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ta tsuguna gaban kwantirola ta latsa, ta ce H ɗin nan awoyi ne, ba ruwansa da bolt. 24H na nufin wuta a buɗe dare da rana. Duk lambar da ke ƙasa da haka ta masu fitilar titi ce: in duhu ya yi ta kunna, ta yi awoyin da aka ba ta ta kashe. Sifili kuma daga faɗuwar rana har fitowarta. Batun 12 da 24 na bolt, na'urar da kanta take ganewa lokacin da aka haɗa ta, shi ya sa ake fara jona batir kafin faifai.

Na ce to ta yaya akwati ya san dare ya yi, agogo gare shi? Ta ce ba agogo ba ido, ƙarfin wutar faifai kawai yake aunawa, in ya faɗi ƙasa sai ya ɗauka rana ta faɗi. Wato mun yi ta ƙera masa dare da bargo, daidai awoyin da ya kamata batir ya sha caji, muna kuma zuƙe ɗan abin da ya rage da fanka.

Da ta ga 10 ɗin nan dariyar ta ɗauke. Ta ce batirin dalma in ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.7, in ya sauka 12.2 ya kai rabi, kuma mai son batirinsa ya yi shekaru a nan yake tsayawa. Amfiya 100 a bolt 12 wat 1200 ne na awa guda, amma rabin ne nawa, sauran na lafiyar batir ne. 10.7 kuwa katangar ƙarshe ce, inda na'ura ke yanke wuta don kada a kashe shi, ba ta kuma sake buɗewa sai ya farfaɗo zuwa 12.6. Ni na je na rushe katangar. Ta mayar da ita, har ta ɗan ɗaga ta sama da 11.

Sai 15 ɗin. Ta ce 13.7 ita ce cajin lallaɓawa bayan batir ya cika. A bar shi a 15 wuni guda cikin zafin nan, ruwansa zai yi ta tafasa yana ƙonewa, ɗaki ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga iska mai kama wuta. Ma a ƙasa mai zafi rage lambar ake yi kaɗan, ba ƙarawa ba, don an auna ta ne a kan digiri 25. "Allah ya taimake ka, Kawu, rana ba ta samun faifan. Bargon ne ya ceci batirin."

Daga kan angarib Hajiya ta ce, "Me na faɗa muku?"

Yarinyar ta sa aka fitar da batir daga ɗakin kwano zuwa inuwa mai iska, ta buɗe murafensa ta leƙa. Na ɗebo ruwa a randa zan ƙara, ta riƙe mini hannu, wai sai tataccen ruwan batir na kanti. Ta ce a bar shi ya sha rana kwana biyu ba fanka, a riƙa goge ƙurar faifai da sassafe. Sannan ta nemi salatif, ta liƙe maɓallan uku, ta dube ni cikin ladabi ta ce saboda yara.

Ana haka aka yi sallama a ƙofar gida. Maƙwabcina ne, wanda ya gyaɗa kai a masallaci. Ya ce ya bi shawarata tun ranar Juma'a, ya rufe nasa faifan da darduma, amma batirinsa sai ƙasa yake yi, yana ganin dardumar ce ba ta da kauri. Ko Hajiya za ta ara masa bargon?

Na waiwaya neman 'yar yayata, ta shige kicin. Hajiya kuwa har ta aiki yaro ya naɗo masa, tana ja masa kunne ya dawo da shi kafin ta koma Mai Wurno.