Tuffa tasu ce, mangwaro namu ne

A nan Normandi, arewacin Faransa, daga watan Satumba zuwa Nuwamba tuffa har gundurar mutane take yi. Maƙwabta kan cika kwando su ajiye a ƙofar gida, wanda ya ga dama ya ɗiba. Shi ya sa kusan kowace uwar gida ta iya sarrafa ta. Wanda na fi so cikin abubuwan da suke yi shi ne kek mai faɗi da ake yankawa gunduwa-gunduwa. Za a murza fulawa da bota da sukari har su yi kamar tsaki, a danne kashi biyu cikin uku a gindin faranti, a jera yankakkiyar tuffa da aka barbaɗa wa kirfa da ɗan lemun tsami, a watsa ragowar garin a sama. Wuta a maki 180, kamar minti 40. Sai ya huce sarai ake yankawa, in ba haka ba ya wargaje.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin ƙannena a Garwa da Marwa, arewacin Kamaru, suna aiko da hotunan irin wannan kek a WhatsApp, an yi shi da tuffar da aka saya ɗaya-ɗaya da tsada. Ƙannena, hannunku ya iya, ba na musu. Amma ku duba tafiyar da tuffar nan ta yi. Bishiyarta na buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani kafin ta yi fure yadda ya kamata, mu kuwa a Afrilu zafin Garwa yakan haura 40. Saboda haka daga Afirka ta Kudu ko Faransa ake kawo mafi yawanta, a sauke a tashar jirgin ruwan Duwala, ta hauro Gaundare, sannan ta gangaro wajenmu a mota. Kafin ta iso ta yi laushi, tsamin da ke sa kek ɗin daɗi ya ragu. A wajenmu ai tuffa tsarabar dubiya ce, a kai wa mara lafiya biyu ko uku.

Matar Normandi da abin da ya yi mata yawa take girki, don kada ya lalace. Mu abin da ke mana yawa shi ne mangwaro. Daga Maris zuwa farkon damina yana zuba ƙarƙashin bishiyoyi, awaki su ci, saura ya ruɓe, ana takawa ana wucewa. Wannan asarar ce ke ci mini rai.

Mangwaro yana karɓar wannan haɗin sosai, sai dai yana da nasa hali. Ruwansa ya fi yawa, zaƙinsa ma haka. A nemi wanda aka yi wa aure, mara zare, wanda bai gama nuna ba. A ɗan dafa shi tukun ruwan ya tsotse, a rage sukari, a ƙara lemun tsami. In babu kirfa, citta da ɗan kanumfari sun wadatar, kuma man shanunmu yana ba shi ƙamshin da botar kanti ba ta da shi.

Rashin tanderun lantarki ma ba hujja ba ne. Iyayenmu mata sun daɗe suna gasa kek ɗin sallah a babbar tukunya: yashi a ƙasa, gawayi a murhu, garwashi a kan murfi. Wutar ƙasan dai a sassauta ta, domin gindin kek ɗin nan siriri ne, nan da nan yake ƙonewa kafin mangwaron ya kama jikinsa.