In ba ku iya wanke fim baƙi da fari ba ku faɗa mana, haba!

Wallahi wasu masu shagon wanke hoto a garin nan ku ji tsoron Allah. Mutum ya kawo muku fim ya ce muku baƙi da fari ne, ya maimaita, ku karɓa kuna ba komai yallaɓai gobe ka dawo, alhali kun san ko kemikal ɗinsa babu a shagon, wasunku ma tunda aka haife su ba su taɓa ganin yadda ake wanke shi ba, amma saboda kar kuɗi ya wuce sai a karɓa kawai.

Fim baƙi da fari na Kodak Tri-X na kai wani shago, mai hoto 36, duk hotunan kakata ne a ƙauye tana kaɗi, tsohuwar da da kyar aka lallaɓa ta yarda a ɗauke ta. Na koma karɓa yaron shagon ya miƙo min abu fes kamar ledar burodi, ba komai a jiki, kuma ko kunya babu wai oga ai kyamararka ce ba ta ɗauka ba. Ni za ka yi wa wannan? Duk wanda ya taɓa riƙe nagatif ya san a gefen fim akwai sunan kamfani da lambobin hoto, tun daga masana'anta ake haska su a jiki, ko ba ka ɗauki hoto ko ɗaya ba in dai an wanke daidai sai sun fito. Nawa har lambobin sun tafi. To kyamarata ce ta goge rubutun Kodak?

Abin da suka yi a bayyane yake, injin mai kala suka jefa shi. Shi fim mai kala da tsarin C-41 ake wanke shi, a zafin digiri 38, hoton da ke fitowa rini ne, daga baya sai wasu kemikal biyu, bilic da fiksa, su kwashe azurfar da ke jiki gaba ɗaya tunda ta gama aikinta. Baƙi da fari kuwa babu wani rini a cikinsa, azurfar nan ita ce hoton kanta, ka sa mata bilic ka wanke hoton ɗungurungum, kuma ba wani malamin da zai dawo maka da shi. Akwai dai wani fim baƙi da fari, Ilford XP2, da aka yi shi musamman don injin kala, shi kuma an rubuta C-41 ɓaro-ɓaro a jikin gwangwaninsa. Karatu ne kawai fa, ka juya gwangwani ka duba, shi ne ya gagara.

Kuma ba su san wahalar da ake sha kafin fim ɗin nan ya shigo hannu ba. Ba a kasuwa kake tsintarsa ba, sai ka yi oda daga waje da dala, ko ka yi ta roƙon wani mai dawowa daga Ingila ya riƙo maka, kana faɗa masa dan Allah kar ya bari a sa a sabuwar na'urar binciken kaya ta filin jirgi don tana ɓata fim, shi kuma yana kallonka kamar ka zare. Ya iso ka sa a firij, a ɗauke wuta, firijin ya koma tanda.

Nasan wani zai ce to ka wanke da kanka mana a gida. Ina yi ai, sai in kemikal ya ƙare ne nake kaiwa shago, kuma shi ma wannan wani ciwon kan ne. Yawancin lissafin da kamfanonin fim suka yi a kan digiri 20 ne, misali fim ɗin HP5 a cikin kemikal ɗin wanki na ID-11 minti 7 da rabi, to kai da kake Kano a watan Afrilu ina za ka samo ruwa mai digiri 20, ruwan tanki da rana ko alwala ba ka iya yi da shi. Sai ka nemo mai ƙanƙara, ka jera kwalabe a baho kana tsoma ma'aunin zafi kana jira, ya sauka ka zuba, kafin ka gama kaɗawa ya fara hawa, in ka yi sake hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa, wurin haske ya ƙone. Ruwan burtsatse kuma ya bar maka tabon gishiri, dole ɗauraya ta ƙarshe sai da fiya wata. Lokacin hunturu ruwa ya yi daidai sai ƙura ta karɓi aiki, ka rataye fim a banɗaki ka toshe ko'ina amma sai ta manne.

Duk da haka ba uzuri ba ne ga mai shago. Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto ɗan Mali, a Bamako ya yi aikinsa, zafinsu da namu duk ɗaya, har aka ba shi babbar lambar yabo a Venice a 2007. Ojeikere, shi ma mai ɗaukar hoto, a nan Najeriya ya ɗauki hotunan kitso kusan dubu tun daga 1968, har yau ana baje su a duniya. Ku buɗe akwatin iyayenku ma ku gani, hotunan aurensu baƙi da fari suna nan tas, masu hoton unguwa ne suka wanke su a ɗan ɗakin duhu da baho uku.

Abin da ya ƙarasa ni, da na ce a kira mai shagon, ya fito yana sakace, ya ce wai in turo masa hoton tsohuwar ta waya zai cire masa kala a kwamfuta ya buga min, duk ɗaya ne. Kuma kuɗin wanki ba za a dawo da shi ba tunda an riga an kashe kemikal. Kemikal ɗin da kuka kashe min hotuna da shi ne zan biya? Na tambaye shi yana da ko D-76, kemikal ɗin wanke baƙi da fari, a shagon, ya juya ya tambayi yaronsa wai mene ne haka.