Laka ba ta jiran kasafin kuɗi

Jama'a ku yi haƙuri da ni yau, rubutun zai ɗan yi tsawo kuma maganar laka ce zan yi. E, laka, taɓon nan da yashi da ke kwanciya a ƙasan ruwa inda ba mai gani. Na san ba irin maganar da ke tara jama'a ba ce, amma ta daɗe tana cina a rai, tun da na fara bin labarin tashoshin jiragen ruwa da ke bakin manyan tafkuna na duniya da yadda gwamnatoci ke wasa da kuɗin yashe su.

Duk wanda ya san rijiya ya san yasa. Ka gina ta da kyau, ka ɗaure bakinta da siminti, in ka bar ta shekaru ba a shiga an kwaso ƙasar da ke zubawa ba, wata rana guga zai dawo maka da taɓo. To tashar jirgi ma haka take sak, sai dai ita abun ya fi muni, don yawanci a bakin kogi ake gina ta, daidai inda kogin ke shiga tafki, kuma nan ne gudun ruwa ke mutuwa ya sauke duk abin da ya kwaso daga gonaki da kwazazzabai na can nesa. Kogi ba ya hutu, ba ruwansa da wace jam'iyya ke mulki ko majalisa ta amince da kasafi ko ba ta amince ba, kowace shekara zai kawo nasa kason ya zube a hanyar jirgi. Ga kuma igiyar ruwa da ke turo yashi ta gefen gaɓa tana toshe bakin mashiga.

Bari in ɗauki misalin da na fi sani, wato manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario. Waɗannan tafkuna fa ba na kwale-kwale kawai ba ne, akwai jirage 13 a cikinsu masu tsawon ƙafa 1,000, kowanne na iya ɗaukar kaya kusan tan 70,000 a sawu guda in ruwa ya cika. Ka raba wannan da tan 25 na tirela ɗaya ka gani, tirela 2,800 kenan. Tama suke kwasowa daga jihar Minnesota ta tashar Duluth su kai masana'antun ƙarfe irin na Gary da Cleveland, ga farar ƙasa da kwal da siminti da gishiri da hatsi. Ƙarfen da ake ƙera mota da firji da shi a can, mafi yawan tamarsa ta kan ruwan nan ta biyo.

Yanzu ga inda lakar ta shigo. Masu waɗannan jirage sun daɗe suna faɗin lissafi ɗaya, cewa in zurfin hanya ya ragu da inci guda tak, babban jirgi sai ya bar kusan tan 270 a ƙasa don kar cikinsa ya taɓa ƙasa. Inci ɗaya fa. To in ƙafa guda ce ta cike, inci 12 kenan, sama da tan 3,000 a kowane sawu, alhali man da jirgin zai sha kusan ɗaya ne, albashin matuƙa ɗaya ne, kwanakin tafiya ɗaya ne. Wa zai biya wannan asara? Mai jirgi zai ɗora wa mai masana'anta, shi kuma ya ɗora wa mai saye, a ƙarshe wanda bai taɓa ganin tafkin da idonsa ba shi ke biya a farashin kaya ba tare da ya sani ba. Shi ya sa nake dariya in na ji wani yana cewa ai gwamnati ta yi tattali da ta ƙi kashe kuɗin yasa. Wane tattali? An dai cire kuɗin daga takardar kasafi an mai da shi aljihun jama'a, kuma an ninka shi.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin Amurka shi ne, kuɗin fa akwai shi. A 1986 majalisarsu ta ƙirƙiro wani haraji na musamman don kula da tashoshin ruwa, aka buɗe masa asusu nasa daban. Da farko kashi 0.04 cikin ɗari ne na darajar kayan da jirgi ya ɗauko, a 1990 aka ɗaga shi zuwa 0.125, wato dala 1.25 a kan kayan dala 1,000. A 1998 kotun ƙolinsu ta ce karɓarsa a kan kayan da ake fitarwa waje ya saɓa wa tsarin mulki, sai ya rage kan kayan da ake shigowa da su da na cikin gida. Duk da haka kuɗi ya yi ta shigowa. Amma shekara da shekaru abin da ake fitarwa don aikin bai kai abin da ake tarawa ba, rarar tana ta hauhawa a takarda tana taimaka wa 'yan majalisa nuna cewa giɓin kasafi bai yi yawa ba, har sai da ta haura dala biliyan 9. A gefe guda kuma sashen injiniyoyin sojan ƙasar, waɗanda su doka ta ɗora wa aikin yasar, suna ta lissafin tulin lakar da ta taru a tafkunan ba a kwashe ba. Kun ga irin wannan? An karɓi kuɗi da sunan abu, mai biya ya biya, abin bai samu ba. In ɗan kasuwa ne ya yi haka kowa ya san sunan da za a kira shi.

Sai da ruwa ya ja baya sannan ido ya raina fata. A watan Janairun 2013 tafkin Michigan da Huron suka yi ƙasa irin wadda ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye ma'auni a 1918, ga ƙarancin ruwa daga sama ga laka daga ƙasa, jirage suka koma tafiya da ragowar wuri a cikinsu. A 2014 aka yi doka mai cewa a riƙa ƙara kason da ake kashewa sannu a hankali har ya kai duka abin da aka tara, a 2020 kuma aka ƙara buɗe asusun, aka ware wa tafkunan kashi 13 cikin ɗari. Madalla da hakan, amma ku lissafa, daga 1986 zuwa 2020 shekara 34 kenan kafin a yarda cewa kuɗin yasa na yasa ne.

Ni ra'ayina a fili yake, wannan aiki na gwamnati ne kuma dole ya zama da kuɗin da ba ya yankewa. Na san akwai masu cewa to me ya sa kamfanonin jiragen ba za su yashe abinsu ba tun da su ke cin riba, kuma maganar ba ta banza ba ce, shi ya sa ma ake karɓar haraji a hannunsu, kuma gaban matsayar kowane kamfani inda jirginsa ke ɗaurewa ai shi ya kamata ya gyara da kuɗinsa. Amma babbar hanyar shiga tasha kamar titi ce, ta kowa ce, ba kamfanin da zai zuba miliyoyi ya zurfafa hanyar da abokin gasarsa zai bi gobe kyauta. Kowa zai noƙe yana jiran wani ya fara, laka kuma tana ta aikinta. Dalilin kafa gwamnati ai irin wannan ne.

Matsalar dai ɗan siyasa ba ya son aikin da ba a yanka masa ƙyalle. Sabuwar tasha za a kafa allo da sunansa, a kira 'yan jarida, a yi hoto. Yasa kuwa ka kashe miliyoyi, ka gama, ka leƙa ruwan ka ga yadda yake jiya haka yake yau, ba abin nunawa, kuma baɗi sai an sake. Duba tafkin Victoria mana, da can jiragen da ke ɗaukar taragon jirgin ƙasa suna zirga-zirga tsakanin Kisumu ta Kenya da Port Bell ta Uganda da Mwanza ta Tanzaniya, bayan ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka ta watse a 1977 kowa ya ja nasa, kulawa ta yi ta raguwa, laka da ciyawar nan mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa suka mamaye tashar Kisumu, kaya suka koma kan titi. A 2019 aka gyara tashar aka tada jirgin MV Uhuru ya koma kai mai Uganda, abin farin ciki ne wallahi. Tambayata ɗaya ce, wa aka ɗora wa kuɗin yasar shekara mai zuwa da ta bayanta? Don in ba a rubuta wannan ba, bikin da aka yi za a sake irinsa nan da shekara ashirin.

Kuma yasa ba aikin da ake tashi rana tsaka a ce a fara ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Jiragen haƙar kaɗan ne, sai an ba da kwangila da wuri, a tafkunan Amurka ga ƙanƙara da ke rufe ruwa da hunturu, ga lokacin da kifi ke ƙwai da hukuma ke hana taɓa ƙasan ruwa. In kuɗi ya fito a makare shekarar ta tafi kenan. Ɗan kwangilar da bai san ko baɗi akwai aiki ba kuma ba zai sayi sabon inji ba, sai dai ya tsawwala farashi. Shi ya sa kuɗi kaɗan mai zuwa kullum ya fi tarin kuɗi mai zuwa sau ɗaya a shekara goma.

Akwai wani wuri da ni kaina nake kai-kawo, maganar ƙananan tashoshi. A tsarin Amurka an daɗe ana fifita tashar da ke sauke kaya sama da tan miliyan 1 a shekara, ta ƙasa da haka sai ta jira. A takarda lissafin ya yi daidai, a zuba kuɗi inda kaya suka fi yawa. Amma ku duba tarkon, ba a yashe ta ba don kayanta kaɗan ne, jirage suka rage zuwa don ba zurfi, kayan suka ƙara raguwa, sai a ce kun gani ai dama ba ta da amfani. Sannan jirgin tafki ba teku yake fita ba, daga wannan tasha yake ɗauka ya sauke a waccan, in ka kashe ƙaramar da ake saukewa ka rage wa babbar da ake lodi. Dokar 2014 ta gane wannan, ta ce a ɗauki tafkunan a matsayin tsari guda. Inda ban yarda ba shi ne tashar da ba ta da komai sai jiragen shaƙatawa na masu hali, nan kam ban ga dalilin da harajin kaya zai ɗauke musu duka ba, su da ƙaramar hukumarsu su sa hannu a aljihu. In dai ba mafakar da ƙananan jirage ke gudu su ɓuya ba ce in guguwa ta taso, ko wadda masunta ke ci da ita, waɗannan maganar rai ce da abinci.

Sai kuma abin da mutane ba sa tunawa, in ka kwaso lakar ina za ka kai ta? Nan ne kuɗi ke tafiya sosai. Wata lakar tsabtatacciya ce, yashi ne da za a iya zubawa a gyara gaɓar da ruwa ya cinye. Wata kuwa ta sha dattin masana'antu na shekaru, dole a killace ta a wani wuri na musamman, wuraren kuma cika suke yi. Tashar Toledo a bakin tafkin Erie ita ce gwarzuwar laka a yankin, kogin Maumee na kwaso mata ƙasar gonaki haɗe da takin zamani, an daɗe ana kwasa ana zubarwa a tsakiyar tafki don shi ya fi arha. A watan Agustan 2014 gansakuka mai guba ta ɓata ruwan shan birnin, aka hana dubban ɗaruruwan mutane shan ruwan famfo na kusan kwana uku. Takin da ke gangarowa daga gonaki shi ne babban mai laifi, amma abin ya sa mutane suka daina yarda a riƙa juye laka cikin ruwan da suke sha, jihar Ohio ta hana hakan daga Yulin 2020. Yanzu sai an nemi inda za a kai ta a tudu, a yi fadama da ita ko a mai da ita gona ko a haɗa ƙasar cike, kuma duk wannan ya fi zubarwa tsada.

Wanda ke kawo ni kan abin da nake ganin an fi sakaci da shi. Lakar da ake biyan kuɗi a kwashe a Toledo ƙasar noman wani ce, mafi kyawunta ma, ta saman nan mai albarka da ruwan sama ya wanke. Manomi ya yi asara, tasha ta yi asara, mai shan ruwa ya yi asara, kuma ma'aikatu uku daban ke kula da su kowacce da kasafinta. Da za a ɗauki wani abu daga kuɗin nan a kai can sama, a taimaka wa manoma su bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi, su rufe gona da shuka bayan girbi maimakon barinta tsirara, da abin da ke isowa tasha ya ragu. Ba zai hana yasa ba, kogi kogi ne, amma ko kashi ɗaya cikin goma aka tare a gona, wannan kason ba za a biya kuɗin haƙo shi ba, ba za a biya na ɗaukarsa ba, ba za a nema masa wurin zubarwa ba.